Littafin da Sai An Juya Shi Ake Karantawa: Burga ko Fasaha?

Kwanakin baya na ji wani mai son karatu, wanda na san ba rago ba ne a wannan fage, yana cewa duk ƙagaggen labarin da sai an juya littafin bisa-ƙasa ko an ɗauko madubi kafin a iya karanta shi, to marubucinsa ba shi da labari ne, shi ya sa ya koma wasa da maɗaba'a. Ya faɗi haka ne bayan ya ɗauki *House of Leaves* na Mark Z. Danielewski, ya kaɗa shafukansa na ɗan lokaci, ya ga wani shafi mai kalmomi ƙalilan, wani kuma cike da akwatuna da rubutu a karkace, sai ya rufe ya ajiye. Ƙin littafin bai dame ni ba, domin kowa yana da ikon ƙin abin da bai yi masa ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda ya yanke hukunci a kan aiki mai shafi wajen 700 da kallo kawai, kuma waɗanda ke wurin suka gyaɗa kai kamar ya faɗi abin da ba ya bukatar hujja.

Akwai wani rukuni kuma da ke ba ni haushi daidai da shi, wato masu ɗaukar hoton shafukan nan suna bazawa, suna yabon littafin da cewa babu kamarsa, amma idan ka tambaye su abin da ya faru da mutanen cikin labarin sai ka ji shiru. Waɗannan da wancan duk abu guda suka yi: sun kalli shafi, ba su karanta shi ba.

Matsayina a kan wannan batu shi ne, yadda aka tsara rubutu a shafi yana iya zama ɓangare na bayar da labari, kamar yadda zaɓen kalma da tsarin babi suke, saboda haka ya kamata a yi masa hukunci da aikin da yake yi wa labarin. Baƙuntarsa ba hujja ba ce a kansa, wahalarsa kuma ba hujja ba ce a gare shi. Akwai littattafan da suka ci wannan jarrabawa, akwai waɗanda suka faɗi, kuma ba a rarrabe su sai an zauna an karanta.

Abin da ke faruwa a kan shafin

Tunda da *House of Leaves* aka fara gardamar, ya dace a dube shi da kyau. An buga shi a Amurka a shekarar 2000. Ƙashin bayan labarin mai sauƙi ne: wani mai ɗaukar hoto, Will Navidson, ya koma wani gida a jihar Virginia tare da abokiyar zamansa da 'ya'yansu biyu, sai wata rana ya auna gidan ya tarar cikinsa ya fi wajensa tsawo da rubu'in inci. Daga baya wata ƙofa ta bayyana a bango, wadda ke shiga wani lungu mai duhu da sanyi, lungun kuma yana ƙaruwa yana sauya siffa, har ya kai ga ɗakuna da matattakala marasa iyaka. Navidson ya ɗauki fim na abin da ya gani. Mu masu karatu ba fim ɗin muke gani ba, muna karanta dogon sharhin da wani tsoho makaho mai suna Zampanò ya rubuta a kansa, sannan a ƙasan shafi wani saurayi, Johnny Truant, wanda ya tsinci takardun tsohon bayan mutuwarsa, yana ƙara nasa bayanin, yana kuma ba da labarin yadda hankalinsa ke gushewa a hankali. Kowanne daga cikinsu da irin haruffan da aka buga maganarsa da su, ta yadda da ido kaɗai za ka san mai magana.

To, ina amfanin hargitsa shafi a nan? A babin da masu bincike suka ɓace a cikin lungunan gidan, shafin da kansa ya koma wurin ɓata. Bayanin ƙasan shafi yana tura ka zuwa wani bayanin, wannan kuma ya tura ka baya, wani yana tafiya a gefen hagu, wani yana saukowa a gefen dama a kife, a tsakiya kuma akwai wani ɗan akwati mai rubutu wanda idan ka juya shafin za ka ga rubutun a bayansa a birkice, kamar kana leƙo shi ta taga daga waje. Makaranci yakan shafe lokaci mai tsawo a shafi guda bai san inda ya kamata ya bi ba. Sai a babi na gaba, lokacin da abu ya rikice ana gudun ceton rai, shafukan suka koma kusan fanko, layi ɗaya a nan, kalmomi kaɗan a can, hannunka yana juya takarda da sauri ba tare da ka yi niyya ba. Wanda ya ɗauki sa'a yana fama da shafi goma, yanzu ya cinye shafi hamsin cikin 'yan mintuna, numfashinsa ma ya sauya.

Wannan shi ne aikin, kuma aiki ne da jimla kaɗai ba ta iya yi. Marubuci yana iya rubuta cewa mutanen sun ɓace, sun gaji, sun ruɗe, kuma gwanin marubuci yana iya sa ka tausaya musu. Amma a nan an karɓe linzamin lokacinka ne, an sa ka jinkirta inda suka jinkirta, ka yi sauri inda suka yi sauri. Can gaba, lokacin da Navidson ya shiga shi kaɗai, lungun yana ƙuntata, rubutun ma yana tsukewa zuwa ɗan murabba'i a tsakiyar farin shafi. Inda yake hawa, sai ka karanta layukan daga ƙasa zuwa sama. A wani wuri fitilarsa ta mutu, ba shi da komai sai ashana da littafi guda, sai ya riƙa yage shafin da ya gama karantawa yana ƙona shi domin ya ga na gaba. Duk wanda ya isa wannan wuri da littafin a hannunsa, yana jin kaurin abin da ya rage yana raguwa a ƙarƙashin yatsunsa, ya san cewa takardar ma tana cikin labarin.

“Sabon yayi ne”

Ƙorafi na farko da aka saba ji shi ne cewa wannan duk ɗabi'ar zamani ce, ta marubutan da kwamfuta ta sauƙaƙa wa wasa da haruffa. Tarihi bai goyi bayan wannan magana ba. Laurence Sterne, wani limamin coci a Ingila, ya fitar da *Tristram Shandy* a juzu'i tara tsakanin 1759 da 1767, lokacin da ƙagaggen labari a Turai bai ma gama tsayawa da ƙafafunsa ba. Da wani daga cikin mutanen labarin ya mutu, Sterne ya sa an buga shafi baƙi ƙirin. A wani wuri ya bar shafi fari fat, ya ce makaranci ya zana kyakkyawar bazawarar da ake magana a kanta yadda ransa yake so. Ya cire babi guda ɗungurungum, lambobin shafi suka yi tsalle, sannan ya yi bayanin dalilin cirewar a babin da ke biye. Ya zana layuka masu lanƙwasa domin ya nuna yadda labarinsa yake kauce hanya yana dawowa. Duk wannan a zamanin da ake jera haruffan ƙarfe ɗaya bayan ɗaya da hannu, kuma kowane irin wannan wasa yana nufin ƙarin wahala da ƙarin kuɗi ga mai maɗaba'a.

Mawaƙa ma sun daɗe a kan wannan hanya. A Faransa, Mallarmé ya warwatsa kalmomin wata waƙarsa a faɗin shafi da haruffa manya da ƙanana a 1897, Apollinaire kuma ya fitar da waƙoƙin da aka tsara su da siffar abin da suke magana a kai a 1918.

Ni abin da ya fi ba ni mamaki shi ne idan mai wannan ƙorafi mutum ne da ya taɓa riƙe tsofaffin littattafan fiƙihu ko nahawu na Larabci. A irin waɗannan littattafai akwai matani, akwai sharhin matanin, akwai hashiya a kan sharhin, wani a cikin akwati, wani a gefe, wani a ƙasa, a rubutun hannu ma wani bayanin a karkace yake hawa gefen takarda har sai ka juya ta. Malamai uku ko huɗu da ƙarnuka suka raba suna magana a shafi guda, ɗalibi kuma ya san wanda zai fara saurara da wanda zai koma wa daga baya. Haka shafin Talmud, wani babban littafin addinin Yahudawa, yake, matani a tsakiya, masu sharhi sun kewaye shi. Ba wanda ya taɓa kiran wannan burga. Shafi mai murya ɗaya da ke tafiya daga sama zuwa ƙasa ba tare da tangarɗa ba al'ada ce da maɗaba'a ta ƙarfafa saboda sauƙi da araha, kuma al'ada ce mai kyau, amma ba ita kaɗai ce hanyar da ɗan Adam ya taɓa karatu ba.

“Ana ɓoye raunin labari ne”

Wannan ƙorafi ya fi na farko nauyi, domin wani lokaci gaskiya ne. Akwai marubutan da suka ga an yaba wa wani saboda ya karkata layi, sai su ma suka karkata nasu ba tare da sun san dalilin da ya sa wancan ya yi ba. Yadda nake rarrabewa shi ne in tambayi kaina: da a ce an ɗauki rubutun nan an mayar da shi shafi na yau da kullum, me za a rasa? Idan amsar ita ce babu abin da za a rasa sai ado, to ado ne, kuma mai ƙorafi ya yi gaskiya. Idan kuwa wata ma'ana ta faɗi ƙasa tare da tsarin, to tsarin yana ɗauke da kaya.

A gwada wannan tambaya a kan *The Unfortunates* na B. S. Johnson, wanda ya fito a Ingila a 1969. Littafin ba a ɗinke yake ba, a cikin kwali ake sayar da shi, kashi 27 a rarrabe. An nuna kashi na farko da na ƙarshe, sauran 25 ɗin kuma makaranci ya karanta su yadda suka zo masa a hannu. A kallon farko wannan shi ne ainihin abin da ake kira wasa. Amma labarin na wani ɗan jarida ne da aka tura wani gari ya ɗauko rahoton wasan ƙwallon ƙafa, yana sauka daga jirgin ƙasa sai ya gane cewa garin ne da abokinsa ya zauna, abokin da cutar daji ta kashe yana matashi. Yana yawo a gari yana jiran lokacin wasa, tunanin abokin yana faɗo masa gutsure-gutsure. Duk wanda ya taɓa rasa wani na kusa ya san cewa tuna mamaci ba ya bin jerin kwanan wata: yau ranar da kuka fara haɗuwa ce za ta zo maka, anjima ramar da ya yi a gadon asibiti, gobe wata dariya da kuka yi a kan abin da bai kai ya kawo ba. Idan aka ɗinke littafin, an ba wa waɗannan tunane-tunane jeri, an ce wannan ne ya jawo wancan, alhali abin da marubucin yake son faɗa shi ne cewa babu jeri kuma babu dalili, cutar ta zo ne kawai. Kwalin ya ci jarrabawa.

Misalin William Faulkner ya nuna abin ta ɗaya gefen, wato abin da ake rasawa idan aka hana marubuci. Kashin farko na *The Sound and the Fury*, wanda ya fito a 1929, daga bakin wani mutum mai taɓin ƙwaƙwalwa yake, wanda ba ya bambance jiya da shekara ashirin da suka wuce, saboda haka labarin yana tsalle daga wani zamani zuwa wani a tsakiyar magana. Faulkner ya so a buga kowane zamani da tawada mai launi daban, amma hakan bai yiwu ba a lokacin, sai aka yi amfani da karkatattun haruffa domin nuna wuraren da aka sauya. Masu karatu sun shafe shekaru da dama suna fama da wannan kashi, wasu suna zana jadawali a takarda domin su gane ina aka dosa. Sai a 2012 wani kamfanin ɗab'i a Landan ya buga shi da launuka 14. Ana iya gardama a kan ko launukan sun sauƙaƙa abin fiye da kima, ni ma ina da shakku a kai, amma ba za a ce Faulkner yana neman ɓoye raunin labari ba ne da ya nemi tawada mai launi.

Duk da haka dole a ba mai ƙorafi haƙƙinsa. Shi kansa Danielewski bai tsira ba. Littafinsa na 2006, *Only Revolutions*, labari biyu ne da suka fara daga bango biyu na littafin, ana karanta shafi takwas a juya littafin a karanta takwas na ɗaya gefen, kuma an auna yawan shafuka da kalmomi da lissafi mai tsauri. Gini ne mai ban sha'awa, amma a ganina mutanen ciki sun shaƙe a ƙarƙashin lissafin, kana gama shi kana tuna yadda aka gina shi fiye da abin da ya same su. Daga baya ya fara wani aiki, *The Familiar*, da niyyar juzu'i 27, aka buga biyar tsakanin 2015 da 2017, sannan aka dakatar saboda masu saye ba su kai yadda za su ɗauki nauyin bugawa ba. Ba na murna da hakan, amma yana nuna cewa haƙurin makaranci yana da iyaka, kuma marubucin da ya ci bashin haƙuri sau ɗaya ya biya ba shi da tabbacin za a sake ba shi.

Ko a cikin *House of Leaves* akwai wuraren da na ga an yi yawa. Wasu daga cikin labaran Johnny na shaye-shaye da neman mata suna maimaita kansu har su gundure ka, kuma babu tsarin shafin da zai gyara wannan. Amma a lura, wannan suka ce ta wanda ya karanta, irin sukar da ake yi wa kowane littafi, kuma ita ce nake roƙon a yi.

Tsawo da ƙarancin lokaci

Wasu kuma suna cewa ko da an yarda da duk wannan, wa yake da lokaci? Littafi mai shafi 700 wanda sai an koma baya, an leƙa rataye a ƙarshe, an dawo, ya fi ƙarfin mai aiki da iyali. Akwai ma waɗanda suka fi shi: *Infinite Jest* na David Foster Wallace, na 1996, ya haura shafi 1,000 kuma yana da bayanai 388 a ƙarshensa, har masu karanta shi sukan sa alamar shafi biyu, ɗaya a cikin labari ɗaya a baya. Arno Schmidt a Jamus ya fitar da *Zettel's Traum* a 1970, shafi 1,334 manya-manya, rubutun a jere gida uku a kowane shafi, littafin da ba a riƙe shi a hannu sai an ɗora a tebur.

Amsata a nan kashi biyu ce. Na farko, yawan shafi yana ruɗi a irin waɗannan littattafai, domin kamar yadda na nuna, wasu shafukan kusan babu komai a cikinsu. Na biyu kuma, wanda ya fi muhimmanci, yawancin mutane suna shiga irin wannan littafi da ɗabi'ar ɗan makaranta mai jiran jarrabawa, suna ganin duk layin da suka tsallake zunubi ne. Ba haka aka gina su ba. A babin ɓata na *House of Leaves* akwai jerin sunayen gine-gine da na magina da ke tafiya shafi bayan shafi, akwai kuma dogon jerin kayan da babu su a cikin lungun. Ba a sa su domin a haddace ba. An sa su ne domin ka fara karantawa da niyya mai kyau, ka ga abin ba ya ƙarewa, ka gane cewa ka shiga hanyar da ba ta ɓullewa, ka juyo. Juyowar ita ce karatun. Haka kuma da yawa daga cikin littattafai da masanan da Zampanò yake kafa hujja da su babu su a duniya, an cakuɗa su ne da na gaske, kuma wanda ya tsaya binciken kowanne ya faɗa tarkon da aka ɗana wa masu ganin cewa duk maganar da ke da lamba a ƙasan shafi gaskiya ce.

Julio Cortázar, marubucin Ajantina, ya fito da wannan izini fili a *Rayuela* na 1963. Littafin yana da babi 155, kuma a shafin farko an gaya wa makaranci cewa yana iya karanta babi na 1 zuwa na 56 a jere ya tsaya, ya bar sauran ba tare da wani nauyi a zuciya ba, ko kuma ya fara daga babi na 73 ya bi wani jadawali da ke tsallake-tsallake. Marubucin da kansa ya ce kana da zaɓi. Wanda ya ɗauki wannan izini ya shiga da shi sauran littattafan zai ga nauyin ya ragu da rabi.

Sannan babu wanda ya ce sai kowa ya karanta. Mutum yana iya cika rayuwarsa da karatu mai amfani bai taɓa juya littafi a kife ba, kuma bai rasa mutuncinsa na makaranci ba. Masu mayar da gama irin wannan littafi lambar yabo, suna kallon wanda bai gama ba a raine, su ne suka fi kowa ɓata masa suna, domin su suka sa mutane suke zaton an rubuta shi ne domin a ware wasu.

Ƙorafin da ya fi nauyi

Akwai ƙorafi guda da ba kasafai masu suka suke kawo shi ba, alhali ya fi duk waɗanda suke kawowa ƙarfi. Littafin da ma'anarsa ta dogara da takarda yana rufe ƙofa ga duk wanda ba takarda yake karantawa ba.

Mutane da yawa a yau a waya suke karatu, kuma manhajar karatu aikinta shi ne ta zuba kalmomi su cika fuskar waya gwargwadon girman haruffan da mai ita ya zaɓa. Labari na yau da kullum ba ya rasa komai a haka. Amma akwatin da ke tsakiyar shafi, da rubutun da ke bayansa a birkice, da farin filin da aka bari da gangan, duk suna rushewa, idan kuma aka ɗauki hoton shafin yadda yake, sai haruffan su yi ƙanƙanta har a kasa gani. Kwalin Johnson ba ya shiga waya. Haka *Tree of Codes* na Jonathan Safran Foer, na 2010, wanda aka yi shi ta hanyar huda ramuka a shafukan wani tsohon littafi na Bruno Schulz har kana hango kalmomin shafukan gaba ta cikin ramukan, ba shi da wata rayuwa a wajen takarda. Buga irin waɗannan littattafai yana da tsada, launi yana da tsada, yankan takarda na musamman yana da tsada, kuma tsadar a kan mai saye take sauka. Fassara su ma aiki biyu ne, domin bayan mai fassara ya gama da kalmomi sai an sake gina kowane shafi, tunda jimla ba ta zuwa da tsawo ɗaya a harsuna biyu. Littafin Schmidt sai a 2016 ya samu fassarar Ingilishi, shekara 46 bayan fitowarsa, kuma wannan tsakanin manyan harsuna biyu ne masu kuɗi da masu karatu. Harsunan da ba su da wannan gata sai dai su ji labari.

Wanda abin ya fi shafa shi ne makaho da mai raunin gani. Littafin sauraro da manhajar da ke karanta rubutu da murya sun buɗe musu adabi fiye da kowane zamani a baya, amma murya layi ɗaya take bi, ba ta iya faɗin abu uku a lokaci guda, ba ta iya nuna cewa wannan kalma shuɗiya ce ko an soke wancan sakin layi da jan layi. Abin da ya ƙara wa lamarin ɗaci shi ne, babban mai ba da labari a *House of Leaves* makaho ne, wanda a cikin labarin wasu ne suke zuwa suna karanta masa littattafai, amma littafin da aka sa a bakinsa yana cikin waɗanda suka fi wuyar isa ga makaho na gaske.

Ban ga wannan a matsayin dalilin daina rubuta irin waɗannan littattafai ba, kamar yadda ba a daina zane domin akwai wanda ba ya gani. Amma yana ɗora wa marubuci nauyin da mai rubutu a shafi na yau da kullum ba ya ɗauka. Duk lokacin da ya karkata layi ko ya nemi tawada ta biyu, ya rage yawan waɗanda za su iya isa ga aikinsa, ya kuma ƙara wa sauran kuɗi, saboda haka sai ya tabbata abin da zai samu ya kai abin da ya sa wasu suka rasa. Masu ɗab'i kuma, waɗanda suke cin ribar sunan da littattafan nan suka yi, ya kamata su ɗauki aikin samar da sigar sauraro da muhimmanci, da masu karatu daban-daban ga kowace murya, da bayanin abin da ke kan shafi a inda tsarin yake ɗauke da ma'ana, yadda ake yi wa makafi bayanin abin da ke gudana a fim. Ba zai maye gurbin takarda ba, kuma zai ci kuɗi, amma wanda ya iya biyan kuɗin huda ramuka a kowane shafi bai kamata ya ce wannan ya fi ƙarfinsa ba.